ƘURI'A SHAIDA CE

Cikin ƙauyuka, in an tada zancen zaɓe, manoma da yawa sukan ce: «Mine ne amfaninshi? Mutum ya bar aikinshi, ya wuni cikin rana, bayan ƴan shekaru soja su tuɓe wanda aka zaɓa.» Wannan magana tana da tushe. Tun samun mulkin kai a 1960, sau 5 soja suka karɓi mulki a Nijar: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023.

Amma ba duk zaɓe ne ɗaya ba. Zamanin jam'iyya guda, ɗan takara ɗaya ne: Diori Hamani a 1965 da 1970, Ali Saibu a 1989. Lokacin nan, ƙuri'a ba ta sake komi.

A 1993 abin ya canza. Zagayen farko, Tanja Mamadu na MNSD, tsohuwar jam'iyya mai mulki, shi ne gaba. Zagaye na biyu, ran 27 ga watan Maris, Mahaman Usman ɗan Damagaram ya ci da wajen kashi 54 cikin 100. Tsohuwar jam'iyya mai mulki ta faɗi, ba da bindiga ba, da ƴar takarda. Kuma wajen mutum 1 cikin 3 kaɗai na masu rajista suka fito. Da sauran sun fito, ko ina suka karkata nan rinjaye zai faɗa.

Ta fannin addini fa? Malamai da yawa suna kwatanta ƙuri'a da shaida. Wanda ya san mai amana ya ƙi faɗi, ya ɓoye shaida. Wanda ya karɓi sabulu, ko turmin atamfa, ko jika biyu, ya jefa ma wanda ya san azzalumi ne, ya yi shaidar zur. Sabulu ya ƙare cikin sati, rijiyar da ba a gina ba tana jira shekara 5.

Mai shaida kuwa sai ya san abin da yake shaida. Wanda ya iya karatu shi ke duba sunanshi bisa katin zaɓe, ya karanta alkawarin ɗan takara, ya kama shi da shi daga baya.

A 2025 an rushe jam'iyyu a Nijar. Duk ranar da aka sake aza akwati, ya kamata manomi ya tuna: fari na kashe shuka wata shekara, amma in ruwa ya sauka ba ya barin iri cikin rumbu.