Alaska, Ƙasar Da Hukuma Ta Yi Wa Nisa

A can ƙuryar arewacin nahiyar Amurka akwai wata jiha ana ce da ita Alaska, wadda Amurka ta saya daga hannun Rasha cikin 1867. Faɗinta ya kusa biyun Nijeriya, amma da aka yi ƙidaya cikin 2020 mutanenta 733,391 ne kurum. Mafi yawan ƙauyukanta babu hanyar mota zuwa gare su, sai ƙaramin jirgin sama, ko kwalekwale, ko wani irin babur mai tafiya bisa ƙanƙara. Wannan nisa shi ne ke mai da ƙaramar fitina ta zama asarar rai.

Mu fara da cikin gida. Jami'ar Alaska ta yi bincike cikin 2010, ta tarar cikin kowace mace 100, wajen 59 sun taɓa shan azaba ko barazana a hannun miji ko saurayi, ko an yi musu fyaɗe, ko duka biyu. Da aka sake binciken cikin 2020, lissafin bai ragu sosai ba, gama wajen 58 aka samu. Matar da mijinta ya bugu ya ɗauko bindigar farauta ba ta da wurin gudu, domin bayan gari ƙanƙara ce. In ta yi waya, 'yan sanda su kan zo ne a jirgin sama, kuma in hazo ya rufe sai su kwana biyu ba su iso ba. Cikin 2019 jaridar Anchorage Daily News ta bayyana cewa kashi ɗaya cikin uku na garuruwan jihar ba su da ɗan sanda ko ɗaya. A shekarar nan Babban Lauyan Gwamnatin Amurka, William Barr, ya ziyarci ƙauyukan, ya ba da shelar cewa al'amarin ya kai na gaggawa.

Haɗari ma haka ya ke. Ƙanƙarar kogi ta kan fashe da matafiyi, kwalekwale ya kan kife cikin ruwa mai tsananin sanyi, ga asibiti da nisa. Ran 6 ga Fabrairu 2025 wani ƙaramin jirgi ya taso daga Unalakleet za shi Nome, ya faɗi bisa ƙanƙarar teku, mutum 10 da ke ciki duk suka rasu.

Hukuma ba ta yi zaune ba. Tun 1979 aka fara naɗa wa ƙauyuka mai tsaro, wanda ya ke kama mai laifi, ya kashe gobara, ya nemi ɓatacce. Doka kuma ta ba kowane ƙauye ikon jefa ƙuri'a ya hana sayar da barasa ko shigo da ita, da yawa sun yi haka. Amma aikin tsaron yana da wuyar riƙo, gama a ƙauye kowa dangin kowa ne, wanda za a kama wataƙila kawun mai kamun ne. Saboda haka da yawa su kan bar aikin.

Abin lura ga ma'aikata da malamai shi ne, doka komai kyaunta a takarda ba ta ceton wanda ta yi wa nisa. Zuwa da kai ya fi aike. Sai an sami amintaccen mutum zaune cikin ƙauye, ana biyansa sosai, Gwamnati tana goyon bayansa, sa'an nan mace da yaro za su yi barci da kwanciyar rai.