Bauta, Siyasar Ɓangaranci da Yaƙin Basasar Amurka

Gabatarwa

Yaƙin basasar da aka yi a Amurka daga shekarar 1861 zuwa 1865 ya ci rayukan mutane fiye da 600,000. Mafarinsa gardama ce a kan bauta, amma abin da ya mai da gardamar yaƙi shi ne tambaya guda: shin sababbin ƙasashen da Amurka ke samu a yamma za su zama na masu bayi ne, ko kuwa na 'yantattun manoma?

Auduga da bayi

Tun a 1787, sa'ad da aka rubuta tsarin mulki, aka yi wa bauta sassauci. An yarda a lasafta kowane bayi biyar a matsayin mutum uku wajen raba kujerun Majalisar Wakilai, watau Kudu ta ƙara ƙarfi da yawan mutanen da ba su da ƙuri'a. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, noman auduga ya bunƙasa, masaƙun Ingila suka buɗe baki suna saye. Ko da yake an hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, yawansu ya tashi daga wajen 700,000 a 1790 zuwa kusan miliyan huɗu a 1860. Jihohin Arewa kuwa sun soke bauta sannu a hankali, suka dogara ga ciniki, masana'antu da ƙwadago na lada.

Sulhun da bai kashe wutar ba

Kowace jiha tana da kujeru biyu a Majalisar Dattawa, saboda haka duk sa'ad da sabuwar jiha ta nemi shiga tarayya sai ɓangarorin biyu su ja daga. A 1820 aka amince a karɓi Misuri da bauta, aka karɓi Maine ba bauta, sa'an nan aka shata layi, aka haramta bauta a sauran yankunan da ke arewa da shi. Yaƙin da aka yi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 ya kawo sababbin ƙasashe, rikici ya dawo ɗanye. A 1850 Kalifoniya ta shiga ba bauta, amma aka biya Kudu da doka mai tsanani, wadda ta tilasta wa mutanen Arewa su taimaka wajen kamo bawan da ya gudu. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Rushewar jam'iyyu

A 1854 dokar Kansas da Nebraska ta share layin 1820, ta bar wa mazauna kowane yanki su zaɓa da kansu. Nan da nan magoya bayan ɓangarorin biyu suka kwarara Kansas da makamai, jini ya zuba. A wannan shekara ce aka kafa jam'iyyar Rifablikan, wadda manufarta ita ce hana bauta yaɗuwa. A 1857, cikin shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙoli ta yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankuna. A 1859 John Brown ya kai hari ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry don ya ta da bayi. Aka rataye shi, amma tsoro ya riga ya shiga zukatan masu gandaye. A da manyan jam'iyyu suna da magoya baya Arewa da Kudu, su ne igiyar da ta ɗaure ƙasar. A 1860 jam'iyyar Dimokurat ita ma ta dare biyu.

Ɓallewa

Abraham Linkon ya ci zaɓen 1860 da wajen kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, bai ci ko jiha ɗaya ta Kudu ba. Bai yi alkawarin soke bauta inda take ba, amma shugabannin Kudu sun lura cewa in an hana ta yaɗuwa, rinjayensu a majalisa ya ƙare. Ranar 20 ga Disamba 1860 Karolina ta Kudu ta ɓalle, takardar da ta fitar kuwa ta ambaci bauta ƙarara. Jihohi shida suka bi ta, suka naɗa Jefferson Davis shugaba. Ranar 12 ga Afrilu 1861 suka buɗe wa sansanin Sumter wuta, wasu jihohi huɗu suka shiga sahunsu, suka cika goma sha ɗaya.

Kammalawa

Linkon ya shiga yaƙi ne don ya riƙe tarayya, amma ranar 1 ga Janairu 1863 ya shelanta 'yancin bayin jihohin tawaye. Janar Lee ya miƙa wuya ga Janar Grant a Afrilu 1865, a Disamba kuma gyara na 13 ga tsarin mulki ya haramta bauta. Shekara arba'in 'yan siyasa suna raba kujeru da filaye, suna kauce wa ainihin maganar, watau ko ya halatta mutum ya mallaki ɗan'uwansa mutum. A fagen fama aka yanke ta.