Kyamarar Kama Masu Gudu: Tsare Rai ko Cika Asusu?

Mutumin da ya fito da na'urar auna gudun mota da ta fi shahara, Maus Gatsonides, ɗan tseren motoci ne daga ƙasar Holan. Ya ƙera ta ne don ya san gudun da yake yi a kwana, ya ga inda zai ƙara wuta. Kamfanin da ya kafa a 1958 shi ne daga baya ya riƙa sayar wa 'yan sanda ita. Aikinta ba wuya: ta auna gudun mota, in ya zarce ƙa'ida ta ɗauki hoton lamba, a duba rajista, a aika wa mai motar takardar tara.

Hujjar masu goyon bayanta tana da ƙarfi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, in aka taka birki, tana bukatar kusan ninki huɗu na tazarar da mai gudun 50 ke bukata kafin ta tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kimanin kashi 4. Dokar hanya a Nijeriya ta ba ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya.

A auna wannan da hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi Kujama, Kasuwan Magani, Mararrabar Kajuru, Kufana da Idon zuwa Kachia, wadda matafiya Zonkwa da Kafanchan ke bi. Ranar Alhamis a Kasuwan Magani, 'yan talla da 'yan acaba da masu tsallakawa da buhu a ka duk kan kwalta suke. Direban da ya shigo wurin da gudun 100, ko aljani ne a sitiyari, ba shi da ta cewa in yaro ya ɓullo daga bayan tirela.

To me ya sa direbobi ke jin an ambaci kyamara sai su ce wata hanyar tatsa ce? Sun saba ganin shinge da hannu a miƙe. Tun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda Wole Soyinka ya fara shugabanta, sannan jihohi suka kafa nasu, KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna. A tasha ba a faye tambayar laifin da aka yi ba, sai a ce "nawa suka karɓa?" Kaduna ta haramta karɓar kuɗin shiga hannu da hannu a dokar harajinta ta 2016, kuma ta wannan fuskar kyamara ta fi mutum: ba ta karɓar na goro, ba ta san ɗan wane ba.

Amma zargin ba na banza ba ne. Kyamarar da ta yi aikinta, kuɗin da take tarawa raguwa suke yi, domin mutane sun rage gudu. Duk gwamnatin da ta sa tara cikin kuɗin da take sa ran samu a kasafi, ta ɗaura wa kanta bukatar masu laifi. Daga nan ne ake fara ɓoye na'ura a gangare mai santsi inda ba kowa, a bar ƙofar makaranta.

Birtaniya ta sha wannan gardama. Ta fara kafa kyamarori a yammacin Landan a 1992. Daga baya aka shafa musu launin rawaya don a hango su daga nesa, a 2007 kuma aka soke tsarin da ya bar hukumomin yanki suna ɗaukar kuɗin gudanar da su daga tarar. A Faransa, bayan an rage gudun hanyoyin karkara zuwa 80 a 2018, masu zanga-zangar riguna masu ruwan ɗorawa sun lalata fiye da rabin kyamarorin ƙasar. A gida kuwa, Legas ta sanar a 2025 cewa wanda kyamara ta kama da gudu zai biya naira 50,000. Ta dai yi abin kirki ɗaya, ta faɗi wuraren da ta kafa su.

Yankin Kajuru, da hanyar Kaduna zuwa Kachia ta ratsa, yana da nasa matsalolin da Legas ba ta da su. Motoci da yawa sun sauya hannu sau biyu ko uku, takardu na nan da sunan mai su na farko, don haka tara za ta je wa wanda ya daɗe da sayarwa. Babura da dama ko lamba ba su da ita. Ga kuma wanda ya fi nauyi: a dajin da ke tsakanin Kufana da Kachia, tsoron masu garkuwa da mutane ne ke taka totur, fasinjoji da kansu ke cewa "direba, ba ta wuta." Cin tarar mutum a irin wannan wuri kafin a tsare masa hanya zalunci ne. Wurin kyamara shi ne mashigar Kasuwan Magani da ta Kujama, da allo babba kafin a iso, a kuma riƙa buga adadin haɗurran wurin da abin da aka tara duk shekara.