Tafasa da Rai Ɗore, Lalo da Turgunnuwa: Rarrabe Ganyayen Daji Masu Kama da Juna a Ƙasar Gombe

Ƙasar Gombe ta haɗa tudu da kwari a wuri ɗaya, domin daga duwatsun Kaltungo da Tula a kudu, da Dutsen Bima a gabas, ƙasar tana gangarowa zuwa fadamun Kogin Gongola da bakin madatsar ruwa ta Dadin Kowa, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da tsirran da suka fi jin daɗinsa. Da zarar damina ta kankama sai ganyayen da ba wanda ya shuka su cika kasuwannin birnin Gombe, kuma da yawansu suna da 'yan'uwa masu kama da su ƙwarai, har wanda bai saba ba yakan ɗauki wannan a matsayin wancan, musamman tun suna ƙanana kafin su yi fure.

Tafasa da rai ɗore, wanda wasu ke kira majamfari, su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu, saboda kuskure a tsakaninsu yana iya taɓa lafiya. Dangi ɗaya ne, wanda masana tsirrai suke kira Senna tun bayan da masana biyu, Irwin da Barneby, suka ware shi daga dangin Cassia a 1982, kuma dukansu furensu rawaya ne, sukan fito tare a gefen hanya da juji da tsohon mashekari. Sai dai reshen ganyen tafasa yana ɗauke da ƙananan ganye shida, biyu-biyu suna fuskantar juna, kowanne mai faɗi da kewayayyen baki, alhali na rai ɗore yakan kai takwas ko goma, masu tsini a ƙarshe, a kan kara mai ɗan ja. Akwai kuma wani ɗan ƙullutu, wato gurbin da ke fitar da ruwa mai zaƙi wanda tururuwa ke bi: a jikin tafasa yana zaune tsakanin ganye biyun farko, a jikin rai ɗore kuwa yana can gindin reshen, dab da inda ya haɗu da kara. Idan kwanso ya fito an gama gardama, domin na tafasa siriri ne dogo mai lanƙwasa kamar lauje, na rai ɗore kuma fyaɗaɗɗe ne mai ɗan faɗi.

Dalilin wannan kulawa shi ne tafasa abinci ce, ana dafa ta a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a Sudan ma ana tsima ganyenta a yi wani sinadarin miya da suke kira kawal, amma rai ɗore an fi saninsa a wajen masu magani, kuma ɗanyen irinsa yana lalata hanta da tsoka a jikin shanu da awaki da kaji. Likitoci a yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya sun danganta mutuwar yara da dama da cin 'ya'yan rai ɗore, abin da ya isa ya sa iyaye su lura da abin da yara ke tsinka a bayan gida lokacin kaka.

Lalo da turgunnuwa ba su da irin wannan haɗari, tunda dukansu ana miyar yauƙi da su, amma a nan ne wurin da tsiro ya fito yake taimaka wa mai dubawa. Lalo, wato Corchorus olitorius, ya fi son ƙasa mai danshi irin ta fadama da bakin lambu, ganyensa kuma ya fi faɗi da sheƙi. Turgunnuwa, wato Corchorus tridens, tana jure jigawa da busasshen tudu, ganyenta siriri ne. Wuri kaɗai bai isa hujja ba, domin a shekarar ruwa mai yawa sukan haɗu a gona ɗaya, don haka sai an koma ga kwanso: na lalo yana da kauri, ya ƙare da baki ɗaya mai tsini, na turgunnuwa kuwa ya ƙare da ƙananan ƙahoni uku, waɗanda daga gare su ne sunanta na kimiyya ya samo asali.

Wannan hanya ta barin ganye a dubi fure da kwanso ita ce masana ke bi a ko'ina. A duwatsu da dausayin Turai akwai dangin wasu ƙananan ciyayi da ake kira Stellaria, masu farin fure mai siffar tauraro, waɗanda ganyayyakin furensu biyar ne amma kowanne ya tsage har kusan gindi sai ya zama kamar goma, kuma ba a iya raba na tudu da na dausayi sai an gwada tsawon farin ganyen furen da koren da ke bayansa, an kuma duba gashin da ke jikin kara da gilashin ƙara girma.

Sunayen Hausa na tsirrai irin su tafasa da lalo an tattara su a rubuce a 1916, lokacin da J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa, ya wallafa ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa. Amma ƙasar Gombe ba ta Hausa kaɗai ba ce: Fulani da Tera da Tangale da Waja da Bolewa kowa yana da nasa sunan ga ganye ɗaya, wani lokaci kuma suna ɗaya yakan hau tsirrai biyu daga gari zuwa gari. Aikin da ya kamata ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Tarayya ta Kashere da na Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa su sa a gaba shi ne su bi matan da ke tsinkar ganyen nan zuwa inda suke tsinkarsa, su ɗauki tsiron da furensa da kwansonsa, su busar da shi tsakanin takardu, sannan su rubuta wurin da ya fito da duk sunan da aka ba shi a kowane harshe.