Ribar Hatsi A Sito Take: Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwar Gaya Da Ajingi

 Ku sani kaka ta yi, kaya sun fara sauka daga ƙauyukan Gaya da Ajingi: gero, da dawa, da wake, da gyaɗa, da riɗi. Kowa idonsa na kan farashi, ana tambayar yadda Wudil ta ci ran Juma'a, da yadda Gujungu ta tashi ran Lahadi, da abin da ake ciki a Dawanau. To, mu abin da muka gani a shekarunmu cikin wannan sana'a shi ne, da yawa waɗanda jarinsu ya karye ba a wajen saye suka faɗi ba, a cikin sito aka cinye su suna barci.

Ga lissafi mai sauƙi. Buhu yana cin tiya 40. In mutum ya ajiye buhu 100, ƙwari da ɓera suka rage masa tiya biyu biyu, ya yi asarar tiya 200, watau buhu 5 cur. Bayan wannan ga kuɗin sito, ga na dako, ga la'ada. Sa'an nan in mai saye ya caki buhu ya ga gari da huji, sai ya karya farashin sauran duka.

Abu na farko shi ne bushewa. Hatsin da bai bushe ba, ko a sito na siminti aka kai shi, sai ya yi zafi, ya yi hunhuna. Malaman gona sun ce kada danshin masara da dawa ya wuce kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuwa kada ta wuce kashi 8. Wanda ba shi da na'urar awo, ya ciza ƙwaya: in ta fashe ƙaras, ta bushe. Ko kuwa a sami kwalba busasshiya, a zuba gishirin da aka shanya da ɗan hatsi, a toshe, a girgiza, a bari jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mai da kaya rana. A kula ƙwarai da gyaɗa da masara, domin hunhunarsu tana haifar da wani dafi mai lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi.

Na biyu, gyaran ɗaki. Kafin sabon kaya ya shiga, a fitar da tsohon, a share, a ƙone sharar, a liƙe tsaga da ramuka, a hau kwano a dubi yoyo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsofaffin buhuna su ne gidan ƙwari, a kakkaɓe su a shanya sosai. Kada a haɗa abinci da taki, ko kananzir, ko maganin feshi a ɗaki guda.

Na uku, jeri. Buhu ba ya kwana a ƙasa, sai a kan katako, domin ƙasa tana tsatsafo da laima ko da rani. A bar tazarar taku guda tsakanin kaya da bango, a bar sarari ƙarƙashin rufi, a bar hanyar da mutum zai ratsa ya duba ya ƙirga. A jera buhu a sarƙe kamar tubali don kada tsibi ya rushe kan ɗan dako. Iyayenmu da suka yi dalar gyaɗa a Kano sun san wannan: sai an ɗaga ƙasa an yi daɓe kafin a ɗora buhun farko, a kuma lulluɓe da tamfol. Gero daban, dawa daban, kayan bana daban da na bara. Wanda ya riga shiga shi ke riga fita.

Na huɗu, maganin ƙwari, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo kaya, cikin kamar wata guda kuma ya hayayyafa. Tsoron wannan ya sa waɗansu ke tuttula wa wake maganin feshi irin su Sniper. Wannan ba dabara ba ce, zalunci ne, domin waken nan yaran wani ne za su ci, watakila ma namu. Kuma ya riga ya jawo mana hasara: a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a ciki. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe.

Alhali kuwa akwai hanya mai tsabta. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. In iska ta ƙare ƙwarin sai su mutu, ba ko ɗigon magani. Sharaɗinsa kada a caka shi, kada a riƙa buɗewa, a kuma tsare shi daga ɓera. Durom ko jarka mai murfi, in aka cika aka toshe, haka suke aiki. Mai babban sito da zai sa ƙwayar turare irin Phostoxin, ya kira wanda ya san aikin. Ba a jefa ta tsirara cikin hatsi, sai a naɗe a ƙyalle, a rufe kaya da tamfol kamar mako guda, a buɗe su sha iska. Faufau kada a sa ta a ɗakin da mutum ke kwana, ko mai bango ɗaya da shi, domin hayaƙinta kisa yake yi.

Na biyar, littafi. Yawancin abin da ke siton dillali kayan mutane ne, amana ce. Kowane buhu a sa masa alamar mai shi, a rubuta rana, da iri, da adadi, da mai mota, da inda za a kai, ko da boko ko da ajami. A ba mai kaya takarda. A ƙirga wajen shiga, a ƙirga wajen fita, a gaban shaida. Rubutu yana hana 'yan'uwa zuwa gaban alƙali.

Na ƙarshe, a san lokacin fitarwa. Ajiya don rarrabawa halal ce, ita ke kai abinci gari lokacin bazara. Amma danne kaya ana jiran mutane su galabaita, shi ne ɓoyon da malamai suka tsawatar a kansa. Ba kullum ma yake biya ba. Waɗanda suka saya da tsada a kakar 2024 suka kulle, da farashi ya faɗi a 2025 da yawansu ko uwar kuɗi ba su mayar ba. In riba mai kyau ta zo, a saki kaya kafin ruwa ya sauka, laima ta shiga, hanyoyin ƙauye su ɓaci.

Kowa ya leƙa sitonsa cikin makon nan, tun kafin motoci su fara sauke kaya. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.