Karatun Wasan Kwaikwayo a Jami'a

Sau da yawa idan yaro ya ce wasan kwaikwayo zai karanta a jami'a, sai iyaye su ɗaure fuska, suna ganin ɗan kama zai zama. To, bari mu duba Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda aka fara wannan karatu a 1975 a hannun Michael Etherton. Dandalin wasan nasu ma da ƙasa aka gina shi, da fasalin gidan Bahaushe.

Shekara 4 ɗalibi yake yi yana koyon rubuta wasa, da ba da umarni, da tsara fitilu da sutura. Amma babban darasin shi ne shiga ƙauye. A 1977 ɗalibai suka je Soba suka yi Wasan Manoma. Suka zauna da manoma, suka saurari kukansu, suka mayar da shi wasa a gaban jama'a, sannan aka tattauna mafita.

Wanda ya ƙware a wannan, yana iya samun gurbi a rediyo, ko talabijin, ko aikin wayar da kan jama'a. Sai dai aikin albashi ba ya jiran kowa a ƙofa. Saboda haka iyaye, kafin ku hana ko ku yarda, ku zaunar da yaron ku ji me zai yi da digirin.