Awon Tsibi da Haske, da Hukuncin Cinikin Kirdado

Duk wanda ya san sha'anin noma da fatauci a gabashin Sakkwato, tun daga fadamar Rima da madatsar ruwan Goronyo ke shayarwa, ya gangaro Wurno mai albasa da tafarnuwa, har ya kai Rara a ƙasar Rabah, ya san cewa ba kowane ciniki ake ƙullawa da mudu ko sikeli ba. Akwai tsibin shanshera a masussuka, akwai tulin takin gida, akwai yashi da tsakuwa da ake jibge wa magina, waɗanda mai saye kan zagaya sau ɗaya ko sau biyu, ya kirdada, ya taya, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama.

To, ga shi yanzu an ƙago waya mai iya yin wannan kirdado. Yadda take aiki kuwa shi ne, akwai wani ɗan ido a bayanta wanda ke harba ɗigon haske masu yawa da idon ɗan Adam ba ya gani, hasken ya bugi abu ya komo, ita kuma ta lissafta lokacin da ya ɗauka. Da yake haske yana cin kusan kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda, tafiyarsa zuwa bango mai nisan mita biyar da komowarsa ba ta wuce kashi 33 cikin biliyan na daƙiƙa ba, kuma daga wannan ɗan mitsitsin lokaci ake fitar da nisa. In mutum ya zagaya tsibi da ita, sai ta haɗa dubban awo ta gina surarsa, tsawo da faɗi da tudu, ta faɗi girmansa.

Kamfanin Google ne ya fara gwada sa irin wannan ido a wayar hannu a 2014 da shirin da ya kira Tango, Lenovo ya fito da wayar Phab 2 Pro a 2016, amma kasuwa ba ta karɓa ba, aka rufe shirin a 2018. Sai a 2020 Apple ya sa nasa a iPad Pro da iPhone 12 Pro, da iyakar gani ta kimanin mita biyar. A Amurka da Turai masu fasa dutse na auna tarin tsakuwarsu da waya, dillalan gidaje na ɗaukar taswirar ɗaki cikin 'yan mintuna, kuma tun 2017 kamfanin IKEA ya ba masu saye damar ganin surar kujera zaune a tsakar ɗakinsu ta gilashin waya kafin su biya. Wannan na ƙarshe, wato ɗora sura a kan abin da ido ke kallo, zai yi wa kafinta da magini amfani wajen nuna wa mai gida inda ƙofa za ta faɗa, amma ba shi ne ya dame ni ba.

Abin da ya dame ni shi ne fiƙihu. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a babin ciniki na Mukhtasar na Shehu Halilu, sun halatta cinikin juzafi, wato sayar da kaya a tsibe ba awo, bisa sharuɗɗa: a ga kayan da ido, kada yawansu ya wuce kima, mai saye da mai sayarwa su kasance sun iya kirdado, ƙasar da aka tsiba kayan ta zama shimfiɗaɗɗiya, kuma, wanda ya fi duka nauyi a nan, su biyun su kasance ba wanda ya san haƙiƙanin adadin. Idan ɗaya ya sani ya ɓoye, sa'an nan abokin cinikinsa ya gano daga baya, shari'a ta ba shi zaɓin warware ciniki, domin an shigar da shi garari alhali wancan yana kan yaƙini.

Sai mai karatu ya dubi wanda zai fara mallakar wannan waya. Irinta tana cikin mafi tsadar wayoyi, saboda haka ba a hannun manomin da ya ci bashin taki za a fara ganinta ba, sai a hannun falken da ya zo daga Sakkwato ko Kano da babbar mota. Ya zagaya tsibin shanshera kamar mai ɗaukar hoto, waya ta raɗa masa buhu nawa ne, sa'an nan ya juyo ya ce, "Alhaji, mu yi kirdado kawai." A zahiri an yi ciniki irin na iyaye da kakanni, a baɗini kuwa sharaɗin jahilcin ɓangarori biyu ya rushe.

Abin mamaki, sharaɗin shimfiɗar ƙasa da fuƙaha'u suka gindaya tun ƙarnoni shi ne ainihin raunin na'urar. Ba ta ganin ƙarƙashin tsibi, ɗauka kawai take yi cewa ƙasan a daidaice yake; in an tsiba a kan tudu sai ta ƙara, in a cikin kwari sai ta rage. Haka nan fatar abu kaɗai take gani. Ba ta san albasar da ta ruɓe a tsakiyar rudu ba, ba ta san danshin da ke ƙara wa shinkafa nauyi ba, ba ta rarrabe tsaba da ƙaiƙayi, kuma ƙwallelliyar ranar bazara tana dusashe haskenta, har awon hantsi ya saɓa wa na la'asar.

Saboda haka ra'ayina shi ne, lambar da waya ke bayarwa ba ta kai matsayin awo na mudu ko sa'i ba, kirdado ce mai kaifi, kuma kirdadon gwani yana da asali a shari'a, tun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa aika Abdullahi ɗan Rawaha ya kirdadi dabinon Haibara a kan itatuwansa. Manomi na iya dogara da ita ya san ko shinkafarsa ta doshi nisabi, wato ausuƙi biyar ko sa'i 300, kafin ya ɗauko ma'auni ya fitar da zakka. A wurin ciniki kuwa, ya kamata sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin manoma su sa doka cewa wanda ya auna tsibi da waya lalle ne ya nuna wa abokin cinikinsa lambar kafin a yi tayi, kuma ƙungiya ta sayi waya guda ta damƙa wa amintaccen ma'auni, a riƙa biyansa lada kamar yadda ake biyan mai sikeli. Ko ciniki bayan an nuna lambar ya zauna a babin juzafi ko ya koma babin awo, wannan mas'ala ce da ya cancanci a kai gaban malaman Sakkwato su yi mata fatawa kafin kakar shinkafa mai zuwa.